Awa Ɗaya a Bakin Pompo

Ku da ke zama bakin tasha da faranti cike da pil, batirin agogo, kuna kiran kanku masu gyaran agogo, ku matso ku ji. Ɓalle bayan agogo a cusa pil a mayar da marfi, wannan ko mai tallan goro ya iya. Ni Tsahara na haura shekara talatin a kan teburin agogo. Ban taɓa taka ƙofar lakol ba, makarantar boko ke nan, ko sunana aka rubuta ba ni gane shi, amma in aka miƙo mini agogo na aza shi a haƙorina na gaba, kafin mai shi ya gama gaisuwa na san abin da ke damunsa. Lafiyayye bugunsa biyu ne daidai wa daida. Mai ciwo yana ɗingishi, kuma haƙori ya fi kunne jin ɗingishin.

Agogon farko da na buɗe na wani mushe lakol ne, wato malamin boko, a Agye. Mijina Malam Nomau shi ne mai sana'ar, a wajen babansa ya gaje ta, su kuwa kakanninsu daga wajen Jibiya suka hauro. Da idonsa ya fara hazo bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa karɓar aiki a kasuwa yana kawowa cikin gida, ya zaunar da ni a ƙofar ɗaki inda haske ya fi, shi yana faɗi ni ina yi. Ran nan na kwance wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba, na aje a faranti, sai na yi ajiyar zuciya a kansa. Ya tashi sama, ban ga inda ya faɗa ba. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko rariya in tankaɗe yashin tsakar ɗakin duka. Kwana biyu ina tankaɗe kafin na same shi. Tun daga nan na koyi kau da hanci in agogo na buɗe, na koyi kada in ci ƙuli-ƙuli ko in taɓa man gashi kafin aiki, na koyi ɗaure kallabi har gira.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙar buɗe baya, wadda wani maƙeri ya fiƙe mana daga ƙotar cokali. Hantsaki biyu, ɗaya ba ya taɓa komai sai zaren nan mai kama da gashi da ke cikin agogo. Gilashin da ake maƙalawa a ido. Gashin zabo na share ƙura, don na kaza yana barin ɓurɓushi. Gwangwanin tumatir da ɗan esans, wato fetur, na wanki. Farin faranti na tangaran, don duk abin da ya faɗa a kansa ana gani. Sai kwalbar mai da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda ake ɗiba da tsinin allura. Na ga yaron da ya ɗiga wa agogo man keken ɗinki. Wata biyu ya yi tafiya, ƙura ta taru a man ta zama taɓo, agogo ya tsaya cak.

Da Malam ya rasu na fito da teburin da kaina. Na ci kasuwar Agye, na ci ta Gazawa da ta Gangara, daga baya na koma Gidan Rumji kusa da ɗiyata. Shekarar farko maza sukan tsaya su tambaye ni ina mai teburin ya tafi. Wani jandarma ya taɓa cewa ba ya ba mace agogonsa ta mayar masa da shi tukunya. Na ce ya riƙe abinsa, amma ya sani yana rage minti biyar kullum, kuma ya taɓa faɗawa ruwa. Ya tsaya yana kallona, sannan ya kwance ya miƙo. Gaskiya tsatsar da na hango a gefen gilashi ce ta gaya mini, minti biyar ɗin kuma cinta na yi. Bayansa ladanai suka zo, direbobi suka zo, alhazai suka zo da agogon Makka. Har da mata masu ɗaura mataccen agogo zuwa buki, su nasu goge gilashi ne kawai.

A duk agogon da ya ratsa hannuna, na Jamus daban ne. Akwai na wani maƙeri Bajamushe da wani direban babbar mota ke kawo mini jefi-jefi daga bakin teku, duk na hannu, waɗanda masu su suka gaji da su. Ban san sunan maƙerin ba, tambarinsa na sani, kamar sawun zabo a kan yashi. Fuskarsu fara ce, babu ado, ba ruwan zinariya. Amma in ka buɗe baya sai ka ga har inda ido ba ya kaiwa sun goge sun daidaita, kamar mai gida da ke share ƙarƙashin gado. Ba su cin pil. Akwai ɗan ƙulli a gefe da muke ce wa kunne, shi ake murɗawa kowace safiya. In za a gyara lokaci sai a ja kunnen waje, agogo ya tsaya cik har ɗan tsinken da ke zagayawa da sauri, a daidaita, a tura kunnen ciki ya ci gaba.

Sai mugunyar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, ciyawa ba ta kai gwiwa ba. Dama salula ta riga ta cinye rabin sana'ar, kowa lokacinsa na aljihu. A shekarar nan sai in wuni a kasuwa ba wanda ya kawo gyara, sai masu kawo agogon iyayensu su sayar su auni hatsi. Teburina ya cika da agogon mutane, ba mai saye.

Cikin bazarar wannan shekara, ranar kasuwar Gidan Rumji, wani Bafulatani ya tsaya gabana ya jingina da sandarsa. Magidanci ne, furfura ta fara masa a gemu. Ya ce sunansa Sambo, rugarsu tana arewa da Cadakori. Hausarsa ta kasuwa ce, tana isarsa ciniki da gaisuwa. Ya ce bai taɓa ɗaura agogo ba, kuma yau yana so.

Na tambaye shi na ado ne ko na aiki. Sai ya ba ni labari. Rijiyoyin wajensu sun ƙafe, saura pompo guda mai inji a wani ƙauye, shi kowa ke sha, mutum da dabba. Mutanen ƙauyen sun raba lokaci: kowane mai garke yana da awa ɗaya, kwana biyu sau ɗaya. Wanda ya makara ya rasa, sai ranarsa ta zagayo. Shi Sambo an ba shi daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya na hantsi. Mai tsaron pompon, wani Laminu, shi ke duba salularsa ya ce shiga, ya ce fita. Sambo ya ce yana ji a jikinsa awar tasa gajera ce, don kullum ana kora shi 'yan maruƙa ba su kai baki ga ruwa ba. In ya yi magana sai Laminu ya nuna masa fuskar salula, shi kuwa bai san lambobin ba. Salula ba ta yi masa, don cajinta sai an zo gari. Yana son abin da zai duba da idonsa a hannunsa.

Rago ɗaya ya sayar a ranar, kuma rago a shekarar nan ba ya wata daraja. Ya kwance kuɗin ya nuna mini. Na fito da uku na jera a faranti. Na farko na pil ne, irin wanda ake kawowa daga ƙetaren iyaka, ruwan zinariya sai ƙyalli, kuɗinsa zai saye shi har da saura mai yawa. Na biyu na Bajamushen nan ne mai sarƙar ƙarfe, kusan sabo, ko rago uku ba su sayensa. Na uku shi ma na Bajamushen ne, tsoho, gilashi duk zane, ba ko maɗauri. Hannunsa ya tafi kan mai ƙyallin. Na bar shi ya juya shi ya more, sannan na ce masa wannan in zufa ta shige shi wata uku ya gama, in pil ya ƙare a daji kuma wa zai sayar masa. Na ce mai kuɗi kaɗan ba ya sayen fuska, hanji yake saye. Na buɗe bayan tsohon na sa masa gilashina a ido. Ya daɗe yana kallon abin nan da ke kai da kawowa a ciki.

"Inna, wanga rai gare shi," in ji shi.

"Rai gare shi, Sambo. Kuma ba ya ƙarya."

Kuɗinsa bai kai ba, amma na bar masa a haka, don ni ma ina son awo. Na goge gilashin da toka mai laushi har zanen ya ragu. Na aika wajen baduku ya yanko maɗauri na fatar akuya. Na ari jan farce wajen mai kayan kwalliya na kusa da ni, na ɗiga ɗigo biyu a gilashin: in gajeren hannu ya hau ɗigon farko, dogo ya miƙe sama, ya shiga, in gajeren ya hau na biyu, ya fita. Na koya masa murɗa kunne bayan sallar asuba, a hankali, da ya ji ya yi tauri ya bari. Ya yi sau uku a gabana. Sannan na ja kunnen waje don in daidaita shi da nawa, yana kallo, ɗan tsinken ya tsaya, na tura ya tashi. Na ɗaura masa. Na ce daga yau ya daina duban rana, ya duba hannunsa. Da zai tafi na yi masa addu'ar da kowane mai sayarwa ke yi wa wanda ya yi sabon abu, ko riga ce ko takalmi. Na ce Allah ya sa a kashe lafiya. Ya ce amin, ya tafi.

Mako uku ban ji labarinsa ba. A kasuwa ta huɗu sai ga shi, ya rame, ya aje agogon a farantina ba ko sallama. Ya ce na ce ba ya ƙarya, ga shi ya yi ƙarya, kuma ƙaryar ta ci masa shanu.

Na zaunar da shi na sa aka kawo masa ruwa, na bi labarin daki-daki. Ranar farko lafiya lau. Ya isa da wuri, ya shiga kan ɗigo, da Laminu ya ce fita Sambo ya ɗaga hannu ya nuna da saura, Laminu ya duba salula ya ƙyale shi. A ranar maruƙa suka sha har suka ƙoshi. Rana ta biyu da zai koma, rana ta ce masa ya makara, agogo ya ce da saura. Ya bi agogon, don ni na ce ya bi. Ya iso ya tarar awarsa ta wuce, garken wani na kan kwamin shan ruwa. Ya ce an cuce shi, ya nuna hannu. Laminu ya nuna salula, wasu mutum uku suka fito da nasu, duk bakinsu ɗaya. Aka yi ta dariya, ana cewa an sayar wa ɗan Fulani agogon wasan yara. Shanunsa kwana biyu ba ruwa suna kuka a bayansa. Ya ɗaga sanda. Bai bugi kowa ba, an riƙe shi, amma maigari ya ce wanda ya ɗaga sanda a bakin ruwa ba ya ƙara sha a nan. Ya kora garken zuwa wata rijiya mai nisa da ake ja da jaki, tafiyar wuni, dabbobin da dama ƙashi ne da fata. Wasu suka kwanta a hanya ba su tashi ba. Wasu ya ba mahauta a kuɗin akuya kafin su mutu a banza.

Na ɗauki agogon na aza a haƙori. Bugu biyu daidai wa daida. Na buɗe, ba ƙura, ba ruwa, ba abin da ya goce. Amma ya yi baya da awoyi masu yawa. Na tambaye shi ko ya faɗi, ya ce a'a. Ko ya manta murɗawa, ya ce ko sau ɗaya. Na ce to ya nuna mini duk abin da yake yi masa daga safe zuwa safe, kada ya bar komai. Ya ɗaura, ya murɗa kunne kamar yadda na koya masa. Sannan ya ce in rana ta take ya kai shanu inuwar gawo su huta, sai shi ma ya hutar da shi. Ya sa farce ya ja kunnen waje. Ɗan tsinken ya tsaya.

Na ce wa ya ce ya yi haka.

"Ke kika ce, Inna. Kika ce a kashe lafiya. Na ga yadda kika kashe shi kika tada. Rediyona ma haka nike yi mata, in ba a kashe ba ta mutu da wuri."

Ya ce abu mai tsada irin wannan, yana aiki dare da rana ba hutu, ya ga ko jaki ba a yi masa haka. Bai daɗe yana kashewa ba a ranar farko, gwargwadon hutun shanu ne. Gwargwadon hutun shanun kuwa shi ne awarsa.

Na bayyana masa cewa kashewar da muke nufi ita ce mutum ya mori abu har ya tsufa a hannunsa yana cikin ƙoshin lafiya, kuma agogo ba rediyo ba ne, in ya tsaya lokaci ba ya jiransa. Ya saurara har na gama. Ya dubi ƙasa. Ku da ke ganin aikin nan ɓalle marfi ne, ku riƙe wannan. Na san mutumin nan Hausa ba nonon uwarsa ba ce. Na tsayar da agogo a gaban idonsa ban ce masa kada ya yi ba. Na raba shi da ranar da ya sani tun yana yaro. Aikina a kan ƙarfen bai da aibu ko ɗaya, amma ban gama sayarwa ba na sallame shi.

Sambo ya ce in karɓi agogon in ba shi abin da ya samu. Na ce ba kuɗi ne matsalarsa ba, ruwa ne. Washegari na rufe tebur na hau motar Cadakori, daga can aka ɗauke ni a amalanke zuwa ƙauyen. Ban taɓa roƙon kowa a kan sana'ata ba, a ranar na yi. Na sami maigari a ƙofar gidansa da dattawa, Laminu na gefe. Na gaishe su na faɗi ko ni wace ce. Wasu sun san ni, akwai ma wanda agogon babansa ya bi ta hannuna. Na ce agogon Sambo ni na sayar, na Jamus ne na gaske, kuma laifin makararsa nawa ne. Na faɗi maganar yadda ta faru, ban rage ba. Da na kai wajen a kashe lafiya, dariya ta ɓarke har wani tsoho na share hawaye. Laminu ya ce ashe Hajiya da baki take gyaran agogo. Na tsaya har suka gama.

Maigari ya ce dariya daban, sanda daban. Na ce haka ne, ranka ya daɗe, amma mutumin da ya ga abu da idonsa a hannunsa, aka ce masa ƙarya ne, shanunsa na kuka, a duba masa. Na kuma ce tun da an zo ga gaskiya, a tambayi Laminu me ya sa ranar farko ya ce fita alhali da saura. Laminu ya ce mutane ne da yawa a layi. Ba wanda ya yi dariya a nan. Dattawa suka yi ƙus-ƙus, daga ƙarshe maigari ya ce Sambo ya ba da haƙuri gaban jama'a, ya bar sandarsa a gindin bedi duk ranar da zai shayar, a mayar masa da awarsa ta dā.

Labarin kuwa ya riga ni komawa gida. Har yau a kasuwar Gidan Rumji akwai masu wucewa gaban teburina su ce a kashe lafiya, Hajiya, su yi gaba suna murmushi. Alhazai biyu da suka daɗe suna kawo mini aiki ba su ƙara zuwa ba.

Kwana uku Sambo ya ɗauka kafin ya dawo da garken daga rijiyar nan mai nisa. Na jira a gidan wata 'yar'uwar mijina, don na ce sai na ga shigarsa da idona. Ranar ya iso tun kafin lokaci, ya jingine sanda a gindin bedi, ya ba da haƙuri da 'yar Hausarsa. Na daidaita agogonsa da nawa da salular Laminu, duk uku baki ɗaya. Gajeren hannu ya hau ɗigon farko, Laminu ya buɗe ruwa.

Awar nan an yanka ta ne a kan garkensa na dā, wanda ba ta isarsa. Shanun da suka rage suka sa baki, suka sha, suka ɗaga kai, suka ƙara, suka ja da baya. Na duba hannuna, dogon hannu bai ko kai rabi ba. Maruƙan da ya sayi agogon dominsu guda biyu na gani.

Mai garken da ke biye ya fara matso da nasa, yana cewa ai an gama. Sambo bai dube shi ba. Yana tsaye bakin kwami, ruwa ya cika yana zuba ƙasa, idonsa na kan agogo. Laminu ya rufe pompon, ya ɗaga wa mutumin hannu ya ce ya dakata, awar Sambo ce. Muka tsaya cikin ranar nan mu duka, shanun na baya na kuka. Sai da gajeren hannu ya hau ɗigo na biyu Sambo ya je ya ɗauki sandarsa ya kora abin da ya rage masa.